Lexus ES 300h 'yar 2015: in saya ko in haƙura da ES 350?

Abban Hanif, Kano: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema wurin masu sani. An kawo mini tallar Lexus ES 300h ƙirar 2015, baƙa, Beljiyam ce, ba a taɓa yi mata lamba a nan ba. Dillalin ya ce daga Amurka ta shigo ta Legas, mitarta na nuna mil dubu 96 da 'yan kai. Haibirid ce, wato mai aiki da fetur da batir a haɗe. A gefenta akwai ES 350 sa'arta, mai fetur zalla, kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Zirga-zirgata cikin gari ce, Hotoro zuwa Sharaɗa kullum, sai kai yara makaranta, sai Kaduna jefi-jefi. Abin da ya ja ni ƙarancin shan mai, abin da ke tsorata ni batir. Duk wanda na gaya wa sai ya zaro ido ya ce "haibirid?" kamar na ce masa zan ƙara aure. Don Allah wanda ya taɓa riƙe irinta ya gaya mini gaskiya.

Alhaji Mai Beljiyam: Wa alaikumus salam. Abban Hanif, ɗauki 350 ka huta. Injin V6 ɗin nan duk bakaniken da ke Ƙofar Ruwa ya san shi ciki da bai, kayansa kuwa ko a Panteka ko a Ladipo ba ka yawon neman su. Ranar da ka gaji da ita, kafin la'asar ka samu mai saye. Haibirid kuwa sai ka yi ta rantsuwa kana lallashi kafin mutum ya yarda ya buɗe ƙofarta.

Sadauki: Magana ta ƙare. Alhaji ya faɗi gaskiya.

Maman Iman, Abuja: Ba ta ƙare ba, Sadauki, yanzu aka fara. Alhaji, da girmanka, maganarka ta mai sayarwa ce, shi kuwa bawan Allah hawa zai yi. Ni Camry haibirid nake ja, kuma injinta da batirinta iri ɗaya ne da na wannan Lexus ɗin, riga ce kawai ta bambanta. Daga Mararraba nake shigowa aiki, wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san me nake nufi. Ana tsaye, injina a kashe yake, esi kuma na hurawa. Idan aka matsa taku biyu, batir ne ke tura ni. Maƙwabciyata mai V6 da muke bin hanya ɗaya, sai ta shiga gidan mai sau biyu ni ban koma ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutanen da suka riƙa yi mini dariya su ne ke tambayata ko zan sayar.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai tunda kana da yara: motar ba ta da ƙara. Idan kana baya-baya a tsakar gida, yaro ba ya jin tahowarta. Ni sai na ƙirga su kafin in taɓa giya.

Alhaji Mai Beljiyam: Hajiya, Allah ya bar ki da motarki lafiya. Ban ce ba ta da daɗi ba. Na yarda kasuwarta ta ɗan motsa tun da mai ya tashi, a Abuja da Legas musamman. Amma Kano ba Abuja ba ce. Ranar da fitila ta kunnu a allon, ke kina da wanda za ki kira a Apo. Shi wa zai kira?

Malam Ɗan Lissafi: Ku ba ni dama in saka alƙaluma a maganar, don kowa na cewa "ba ta shan mai" ba a faɗi nawa ba. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, ES 300h ta waɗannan shekarun, 2013 zuwa 2018, tana yin mil 40 da galan ɗaya, wato wajen kilomita 17 kowace lita. ES 350 tana yin mil 21 a cikin gari, mil 31 a babbar hanya, wato wajen kilomita 9 da kilomita 13. A ce Abban Hanif na cin kilomita 1,500 a wata, duk a gari. V6 za ta sha wajen lita 167, haibirid wajen lita 88. Bambanci kusan lita 80. Idan muka ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, dubu 80 ke nan a wata, kusan miliyan ɗaya a shekara. Amma ku lura, a babbar hanya tazarar ta ragu sosai, 13 da wajen 16. Saboda haka mai yawan Kano zuwa Abuja ribarsa kaɗan ce, mai yawo a gari shi ke cin moriya.

Direban Hanya: Malam, lissafin takarda daban, titin Zariya a watan Afrilu daban. Su can sun gwada a kan titi sumul. Mu nan ga zafi ya haura digiri 40, esi a ƙure, ga ramuka, ga mai da ba ka san me aka gauraya masa ba. Ba za ta ba shi 17 ba.

Malam Ɗan Lissafi: Ba za ta ba shi ba, na yarda. Amma ita ma V6 ɗin ba za ta ba shi 9 ba a wannan zafin. Dukkansu za su sauka, tazarar tana nan.

Oga Rewaya: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na ga wannan muhawarar. Abban Hanif, aikina ke nan, wutar mota, kuma waɗannan motocin suna shigo mini. Bari in fara da abin da babu a cikinta, don mutane tsoron abin da aka ƙara suke yi, ba sa duba abin da aka cire. Babu kik, babu altaneta, babu fambel ko ɗaya a jikin injin. Famfon ruwa na lantarki ne, kwamfiresan esi na lantarki ne. Giyarta ba irin wadda kuka sani ba ce mai faifan kuloci da ke ƙonewa, haƙora ne da injinan lantarki guda biyu, kuma da wuya ka ji ta mutu idan ana canja mata mai, ATF WS. Birki yana daɗewa sosai domin yawancin tsayawa injin lantarkin ne ke yi, yana mayar da ƙarfin cikin batir. Injin silinda huɗu ne, lita 2.5, da shi da lantarkin a haɗe doki 200. V6 tana da 268, don haka idan gudun fanfalaƙi kake so, ka san inda za ka.

Sai batir. Irin na nikel ne, yana bayan kujerar baya ta cikin but, shi ya sa but ɗinta ya fi na 350 ƙanƙanta. A cikinsa akwai faifai 34, kowanne na da ƙwaya 6, jimla volt 244 da ɗoriya. Kwamfutar motar tana sa musu ido bibbiyu, rukuni 17. Batirin nan ba ya mutuwa gaba ɗaya rana ɗaya. Faifai ɗaya ko biyu ne ke fara rauni, sai su ja sauran ƙasa, sai kwamfuta ta ga rukuni ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa ta jefo lambar matsala ta P0A80.

Abin da ke kashe shi a ƙasarmu zafi ne da ƙura. Iska ce ke sanyaya shi, kuma iskar cikin mota yake shaƙa ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya, fanka na ja. Na sha buɗe fankar nan bayan hunturu in tarar da fikafikanta sun yi kitif da jar ƙura da gashi da zaren kafet, har da ledar alawa. Fanka na juyawa amma ba iska. Wani kuma matarsa ta jingina jaka ko filo a bakin tagar, an yi tafiyar awa uku a haka. Wani don tsimin mai ya kashe esi ya sauke gilashi da tsakar rana, bai san batirin ma da sanyin esin yake rayuwa ba. Wanda ke wanke fankar nan, yana ajiye mota a inuwa, batirinsa na kai shi nesa.

Abban Hanif, Kano: Oga, Allah ya saka da alheri, ka buɗe mini ido. To yaya zan gane lafiyar batirin kafin in biya? Dillalin ya kunna mini ita, allo fes, ba fitila ko ɗaya.

Oga Rewaya: Allo fes ba shaida ba ce, Yallaɓai. Minti ɗaya ya ishe ni in goge duk wata lamba, kuma sai mota ta yi kwanaki kafin ta dawo da ita. Ka je da mai na'ura. Wadda ta fi ita ce Techstream ta kamfanin Toyota, amma ko ƙaramar na'urar OBD da ake haɗawa da waya ta ishe ka, da manhajar Dr. Prius, tana karanta Lexus ma.

Farkon abin da za a duba, kilomita nawa motar ta yi tun da aka goge lambobi. Na'ura na nunawa. Idan ka ga kilomita 3 ko 10, ka tambayi dalili. Za su ce ƙaramin batir ne ya sauka a jirgin ruwa aka canja, kuma yana iya zama gaskiya, amma ma'anarsa ita ce motar ba ta samu lokacin faɗin ciwonta ba tukuna. Don haka ba a tsaye za a gwada ta ba. A fita da ita, aƙalla rabin awa, mai na'ura na kujerar gefe yana kallon rukunan nan 17. Ka taka totur da ƙarfi daga tsaye, sannan ka taka birki mai tsawo. A lokacin ne mai rauni ke tona kansa: idan an taka totur shi ne ke faɗuwa ƙasa da kowa, idan an taka birki shi ne ke riga kowa hawa sama. Batir mai lafiya za ka ga bambancin babba da ƙarami bai wuce 0.2 ko 0.3 na volt ba. Idan yana doshin volt ɗaya, ka sa a ranka za ka sayi batir.

Ko babu na'ura akwai alamu. Ka kalli zanen batir a allo. Idan yana cika fal cikin minti biyu kuma ya zube cikin minti biyu, ya tsufa. Idan injin ya ƙi yin shiru a tsaye, yana tashi yana mutuwa a kai a kai, haka. Idan ka zauna a baya kana jin fanka na kuka, batirin zafi yake ji. Sannan ka kasa kunne wajen birki: akwai ɗan famfo da ke yin "zzzz" idan ka buɗe ƙofar direba, wannan daidai ne. Amma idan yana yi kowane 'yan daƙiƙu ba tare da ka taɓa birki ba, na'urar birkin na yoyo ta ciki, kuma ita ma ba araha gare ta ba. Mutane batir kawai suke tsoro, su manta da wannan.

Alhaji Mai Beljiyam: Oga, wane dillali ne zai ba ka Beljiyam marar lamba ka yi yawon rabin awa da ita kana taka mata totur? Idan ka goga ta fa? Idan 'yan KAROTA suka tare ku?

Oga Rewaya: Ranka ya daɗe, sai a sa lambar dila, yaronka ya ja, mu mu zauna da na'ura. Mai ma mu za mu zuba. Wanda ya ƙi wannan a kan motar miliyoyi, ya ba ka amsa ke nan.

Maman Iman, Abuja: Ni dai da zan sayi tawa haka aka yi, kuma mai motar bai ce uffan ba.

Bakatsine a Houston: Ina gaida manya. Ni ta ɓangaren nan zan yi magana, tunda daga nan motocin ke tasowa. Abban Hanif, kafin ma ka kira mai na'ura, ka ɗauki hoton lambar VIN, wato lambar shaidar motar, harufa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbata biyun sun yi daidai. Ka saka ta a Google kawai. Yawancin motocin da ake turowa gida daga gwanjon Copart ko IAAI suke fitowa, wato motocin da kamfanin inshora ya biya mai su ya karɓe, kuma hotunan ranar gwanjo sukan zauna a intanet. Za ka ga inda aka buge ta, za ka ga abin da mita ke nunawa a ranar. Sannan ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar.

Wannan mil dubu 96 ɗin ya sa na ɗaga gira. Mota 'yar 2015, a ƙasar da mutum kan ci mil dubu 12 ko fiye a shekara? Yana yiwuwa, akwai tsofaffin da coci da kanti kawai suke zuwa, kuma su ne ma suka fi sayen ES. Amma na lura motocin da ke isa gida duk a ƙasa da dubu 100 kaɗan suke tsayawa, kamar an yi musu alƙawari.

Bugu ba shi ne abin tsoro ba, idan gaba ne kaɗan ko ƙofa. Biyu ne za ka guda: wadda aka daka ta baya, domin nan batir yake, da wadda ta sha ruwa. Ina garin nan aka yi ambaliyar guguwar Harvey a 2017, motoci dubbai suka nutse, haka aka sake yi a Fulorida da guguwar Ian a 2022, kuma wannan ruwan gishiri ne. Ana wanke su tas a fesa turare. Motar fetur zalla ma ruwa na lalata ta, balle mai wayoyin volt ɗari biyu da wani abu. Ka ɗaga kafet ɗin but ka cire safaya ka duba ramin, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko dogon da take gudu a kai ya yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin laka. Nan ne masu wanki ke mantawa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da maganar garanti. Garantin batirin na lokacin shekara 8 ne ko mil dubu 100, a wasu jihohi irin su Kalifoniya shekara 10 ko mil dubu 150. Daga ƙirar 2020 ne aka mayar da shi shekara 10 ga kowa. Na motarka ya wuce, kuma ko da saura ba ya tsallaka teku.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan da ta Kwatano motoci ke zo mana, su haura ta Gaya. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin, hanya ta koma ta Lome, ta yi tsawo, mota na daɗewa kafin ta iso. Tambayata ga Oga Rewaya: zaman nan da take yi wata da watanni ba a tayar da ita ba, ba ya cutar da batirin?

Oga Rewaya: Yana cutarwa, ɗan uwa. Batirin nikel yana zubar da caji da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma ba daidai faifan ke zubarwa ba. Ka haɗa zaman filin gwanjo, da jirgin ruwa, da tashar Tin Can, da zaman rana a wurin dila, sai ka ga an doshi shekara. Idan babban batir ya sauka ƙasa sosai, injin ba zai tashi ba sam, domin shi ne ke tayar da shi, kuma ba a tura ta a tayar. Ko bayan ka saya, idan za ka yi doguwar tafiya irin Umara ko Hajji, ka bar wa wani makulli ya riƙa kunna ta duk mako ko biyu, ta yi minti ashirin fitilar READY na kunne.

Tsohon Ma'aikaci: Tunda an taɓo iyaka, Abban Hanif ka duba takardun kwastam da kyau. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota Najeriya ta kan iyakokin ƙasa, ta tashar ruwa kawai aka yarda. Dillali ya ce ta Legas ta shigo, to takarda ta nuna haka. Ka ɗauki lambar da ke kan takardar duti ka kai ofishin kwastam a tantance kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Baƙar Lexus a hanyar Kaduna, dole a tsayar da kai wata rana.

Yaro Mai Tashe: Ni fa duk wannan wahalar a kan silinda huɗu? Idan za a yi haibirid a yi ta manya. GS 450h, V6, doki 338, jan baya. Ko Marsandi S400 haibirid, na ga wata an saka ta a arha kamar kyauta.

Oga Rewaya: Ƙanena, ka tambayi kanka me ya sa ta yi arha. S400 ɗin nan ta wajen 2010 ɗan ƙaramin batirin litiyam gare ta a cikin ɗakin injin, ba ta ma iya tafiya da lantarki zalla, man da take ragewa kaɗan ne. Amma ranar da na'urar wutarta ta ƙone, motar ba ta tashi, kuma kayan sai an yi oda. GS 450h mota ce ta gaske, ban raina ta ba, sai dai don gudu aka yi ta ba don tsimi ba, kuma ba ta da yawa a nan, batirinta daban ne. Abin da ya sa nake iya ce wa mutum ya sayi ES 300h shi ne Camry da Avalon haibirid na waɗannan shekarun. Duk wadda ta yi hatsari a cikinsu ta zama kantin kayan gyaranka.

Alhaji Mai Beljiyam: A nan kam mun haɗu da Oga. Araha ba ta ado.

Baban Gida Zariya: Bari in ba ku nawa labarin don kada ya faɗa wa wani. Avalon haibirid gare ni. Esi ya rage sanyi, direbana ya kai ta wurin wani mai gas a bakin titi, ya ƙara gas ya ɗura mata mai irin wanda yake zuba wa kowace mota. Bayan 'yan makonni allo ya kama da fitilu, mota ta ƙi shiga READY. Ashe kwamfiresan nan wutar babban batir ke juya shi, kuma mansa na musamman ne, ND-11, wanda ba ya ɗaukar wuta. Man da aka zuba ya sa wuta na zurarewa, kwamfuta ta rufe komai. Sai da aka canja kwamfiresa aka wanke layin gaba ɗaya. Mai gas ɗin har yau bai yarda laifinsa ba ne, cewa yake shekara ashirin yana wannan aiki.

Oga Rewaya: Allah ya mayar da alheri, Baba. Irin wannan ya fi mutuwar batir yawa a wurina. Ga mai zuba ruwan rijiya a tankin sanyaya na'urar wuta, alhali ruwan hoda na Toyota ake sa wa, kuma tankuna biyu ne, na injin daban nata daban. Ga mai juye da baƙin mai mai kauri, injin da aka rubuta masa 0W-20, wanda ke tashi yana mutuwa sau ɗari a rana. Ga mai ɗaure ta da igiya ya ja ta tayoyin gaba na ƙasa. Ga mai ba wa babbar mota wuta daga ɗan ƙaramin batirinta. Kuma don Allah, duk wayar da ka gani ruwan lemo a motar nan, kada yaron gareji ya sa mata hannu. Tana kisa.

Direban Hanya: To kun ga maganar Alhaji ta fito. Motar da mai gas da mai juye duk sai ka tsaya a kansu.

Maman Iman, Abuja: A kan wace mota ce ba ka tsayawa, Malam Direba? Mutum ɗaya ka samu wanda ya san ta, ka riƙe shi, shi ke nan.

Abban Hanif, Kano: To idan batirin ya mutu fa, mene ne mafita? Na ji ana cewa ana canja faifan da ya lalace kawai.

Oga Rewaya: Ana yi, ni ma ina yi idan mutum ya ce abin da ke aljihunsa ke nan, amma ina gaya masa gaskiya. Faifai 34 ne suka tsufa tare. Ka cire biyu ka sa wasu, na uku na kan hanya. Wani ya samu shekara, wani wata uku ya dawo. Idan za a yi, a gwada dukkansu ɗaya bayan ɗaya, a daidaita cajinsu, a wanke 'yan tagullan da ke haɗa su domin suna yin kore. Sama da wannan, ka sayi batir sukutum na Beljiyam daga mota mai ƙarancin shekaru, a gwada shi a gabanka. Sama da duka, sabo dal. Farashi kuwa da dala yake tafiya, abin da na faɗa yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Ka kira masu kaya biyu ko uku ranar da za ka yi ciniki, ka ji nawa ne sukutum ɗin, ka riƙe wannan adadin a ka lokacin da kake taya motar.

Sadauki: Ni dai har yanzu 350. A sa mata tukunyar gas ta CNG a but, a huta da fetur ɗin ma gaba ɗaya.

Malam Ɗan Lissafi: Wannan wata muhawarar ce, Sadauki, ka buɗe mata nata zaren.

Alhaji Mai Beljiyam: Tunda na ga zuciyarsa na kanta, bari in ba shi ɗaya kyauta. A ɗaga motar a duba indomi a salansa, wato abin nan mai tace hayaƙi. Na haibirid ya fi tsada a wurin masu saye, don haka tun a hanya ake fafe shi a mayar da fanko a yi walda. Ka duba ko akwai sabon ɗinkin walda. In babu indomi, man da kake son tsimi ba za ka gan shi yadda ake faɗa ba, ga fitila a allo.

Abban Hanif, Kano: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na je da wani yaro mai na'ura da Oga Rewaya ya haɗa ni da shi. VIN ta fito a intanet da hotuna: an buge ta a gaba ta dama, fitila da bamba da murfin injin, jakar iska ba ta fashe ba, baya lafiya lau. Ramin safaya a bushe, bel ba laka. Indomi na nan, Alhaji. Amma mita a hoton gwanjo mil dubu 141 take nunawa, ba 96 ba. Da na nuna wa dillalin a wayata sai ya ce wallahi shi ma haka aka kawo masa. An goge lambobi kilomita 6 da suka wuce. Mun fita da ita ta Ring Road, yaronsu na ja. Rukunan batir suna tafiya tare, sai na 9, idan aka taka totur yana sauka ƙasa da sauran da wajen 0.6. Lamba ba ta fito ba. Fanka kuwa da muka leƙa, ƙura ce da gashin kare. Motar dai daɗi kamar me, ban taɓa jin shiru irin wannan ba.

Bakatsine a Houston: Mil dubu 45 aka sace mata. Ban damu da 141 ɗin ba, injin nan na wuce haka nesa. Abin da ya dame ni, wanda ya taɓa mita me kuma ya taɓa?

Oga Rewaya: 0.6 ba mutuwa ba ce, amma ya kama hanya, kuma zafin bazara zai ƙarasa shi da wuri. Idan an wanke fanka za ka iya samun lokaci, nawa ne, Allah masani. Ni a wurina motar na sayuwa, da sharaɗin a cire kuɗin batir sukutum daga farashi, a kuma cire na mil dubu 45. Su ƙi, ka bar musu.

Alhaji Mai Beljiyam: Ba za su cire duka biyun ba, na san mutanena. Za su jira wanda bai zo da na'ura ba.

Maman Iman, Abuja: To su jira. Ba ita kaɗai ce ES 300h a Najeriya ba. Abban Hanif, idan ka samu hali ka leƙa 'yar 2019 zuwa sama, an mayar da batirin ƙarƙashin kujera, but ya dawo cikakke.

Abban Hanif, Kano: Hajiya, wannan ta fi ƙarfin aljihuna a yanzu. Na yi musu tayi kamar yadda Oga ya ce, dillalin ya ce motar ta wani Alhaji ce da ke Legas, zai kira shi da daddare. Takardar duti na ɗauki hotonta, gobe zan biya ta ofishin kwastam da ke Bompai. Ita 350 ɗin ma na saka VIN ɗinta, hotonta ya fito ruwa har rabin ƙofa.

Sadauki: Innalillahi. Wace 350? Fara ko ruwan toka? Don akwai wadda ƙanina ya je gani a wajen nan shekaranjiya.

Abban Hanif, Kano: Ruwan toka, mai jan kujeru. Turo mini lambarka ta akwatin sirri in aiko maka hoton.